Frank Johnson, Alƙalin da Jihar Alabama Ta Kasa Tanƙwarawa

A birnin Montgomery, hedikwatar jihar Alabama da ke kudancin Amurka, ginin kotun tarayya yana ɗauke da sunan Frank M. Johnson tun shekarar 1992. Shekara 25 kafin nan, a 1967, a wannan birnin dai aka tayar da bam a gidan mahaifiyarsa saboda hukunce-hukuncen da ɗanta yake yankewa. Allah ya kiyaye, ba ta ji rauni ba. A 1995 Shugaba Bill Clinton ya rataya masa lambar yabo mafi girma da ake bai wa farar hula a ƙasar, sannan ya mutu ranar 23 ga Yuli 1999 yana da shekara 80.

Raɗa wa gini suna da rataya lamba ba su da wuya, musamman bayan ƙura ta lafa. Abin da nake ganin ya fi cancanta a yi wa mutum irin wannan shi ne a zauna a fahimci aikinsa: me ya yi, me ya ba shi damar yi, ina ya yi daidai, kuma ina masu sukarsa suke da hujja. Alƙali da hukunce-hukuncensa ake saninsa, kuma na Johnson sun canza rayuwar miliyoyin mutanen da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Sai an fara sanin kujerar da ya zauna a kai. Amurka tana da kotuna iri biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, na jihohi da na tarayya. A Alabama zaɓen alƙalan jiha ake yi da ƙuri'a, kamar yadda ake zaɓen gwamna. A shekarun 1950 kuwa kusan duk masu jefa ƙuri'a a jihar fararen fata ne, domin an toshe wa baƙaƙe hanyar yin rajista da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da tsoratarwa. Alƙalin jiha da ya kuskura ya taɓa wariyar launin fata ya san zaɓe mai zuwa gida zai koma. Alƙalin tarayya ba haka yake ba. Shugaban ƙasa ke miƙa sunansa, majalisar dattawa ta tantance shi, daga nan kuma sashe na uku na kundin tsarin mulki ya ba shi kariya biyu: zai riƙe muƙaminsa muddin bai yi abin kunya ba, wato har ƙarshen rayuwarsa in ya so, kuma ba wanda ya isa ya rage masa albashi. Hanya ɗaya tak ta raba shi da kujerar ita ce majalisar wakilai ta tuhume shi, ta dattawa ta tsige shi, kuma a tsawon tarihin ƙasar alƙalai takwas kaɗai aka cire ta wannan hanya. Gwamna ba shi da ta cewa a ciki.

Da yawa daga masu yabon tsarin Amurka a nan suke tsayawa, su ce ai wannan kariya ita ce sirrin. Ban yarda ba. A maƙwabciyar jihar Mississippi akwai Harold Cox, alƙalin tarayya ne shi ma, Shugaba Kennedy ya naɗa shi a 1961, yana da duk kariyar da Johnson yake da ita. Amma ya yi amfani da ita wajen jan ƙafa a ƙararrakin rajistar zaɓe, har da cin mutuncin baƙaƙen fata daga kan kujerar shari'a. Kariyar da ta ba mai gaskiya damar tsayawa ita ce ta ba mai son zuciya damar yin abin da ya ga dama. Saboda haka dole a dubi mutumin da kansa.

An haifi Johnson a 1918 a gundumar Winston, yankin tuddai a arewacin Alabama. Ƙasar ba ta manyan gonakin auduga ba ce, don haka bayi ba su da yawa a can, kuma lokacin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865 mutanen yankin da dama sun ƙi goyon bayan ɓallewar jihohin kudu. Tun daga nan suka zama 'yan jam'iyyar Republican a jihar da kusan kowa ɗan Democrat ne. Wannan gadon ya yi masa rana ta fuska biyu. Ya tashi cikin mutanen da suka saba zama saniyar ware a jiharsu, kuma lokacin da Dwight Eisenhower ɗan Republican ya hau mulki a 1953 yana neman 'yan jam'iyyarsa a kudu da zai ba muƙamai, ba su da yawa. Johnson ya gama karatun lauya a Jami'ar Alabama a 1943, ya yi yaƙin duniya na biyu a Turai inda aka ji masa rauni sau biyu, ya dawo ya yi aikin lauya a garin Jasper. Eisenhower ya fara naɗa shi mai gabatar da ƙara na tarayya, sannan a ƙarshen 1955 ya ba shi alƙalancin kotun tarayya da ke Montgomery. Shekarunsa 37, shi ne mafi ƙarancin shekaru a cikin alƙalan tarayya na lokacin.

Bai yi wata guda cikakke yana ɗumama kujera ba aka kama Rosa Parks, ranar 1 ga Disamba 1955, saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata wurin zama a motar bas. Kowa ya san labarin ƙauracewa motocin da ya biyo baya na tsawon kwana 381, da yadda ya fito da sunan Martin Luther King. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne hukumomin birnin ba su taɓa saduda don ƙauracewar ba. Hukuncin kotu ne ya kawo ƙarshen lamarin. Wani matashin lauya baƙar fata, Fred Gray, ya lura cewa shari'ar Parks za ta maƙale a kotunan jiha, sai ya shigar da sabuwar ƙara a kotun tarayya da sunan wasu mata huɗu da aka wulaƙanta a motocin. Cikinsu akwai Aurelia Browder, wadda shari'ar ta ɗauki sunanta, da Claudette Colvin, wadda aka kama tana da shekara 15, watanni tara kafin Parks.

Ta fuskar doka al'amarin ba mai sauƙi ba ne kamar yadda yake a ido. A 1954 Kotun Ƙoli ta haramta wariya, amma a makarantu ta yi magana. Tsohon hukuncinta na 1896 a shari'ar Plessy, wanda ya halatta raba baƙi da fari a jirgin ƙasa, ba ta fito fili ta soke shi a harkar sufuri ba. Ƙa'ida kuwa ita ce ƙaramar kotu ta bi sawun babba. Alƙalai uku suka zauna. Seybourn Lynne ya ce muddin Kotun Ƙoli ba ta soke hukuncin 1896 da bakinta ba, ba hurumin ƙaramin alƙali ba ne ya soke mata. Johnson da Richard Rives suka ce ginshiƙin da tsohon hukuncin ya tsaya a kai ya riga ya rushe, kuma gyara na 14 na kundin tsarin mulki, wanda ya wajabta wa jihohi su daidaita kowa a gaban doka, bai ware motar bas ba. Suka rinjaye biyu da ɗaya a watan Yunin 1956. A Nuwamba Kotun Ƙoli ta tabbatar, a Disamba baƙaƙen Montgomery suka koma shiga mota suna zama inda suka so.

Daga nan rayuwarsa a birnin ta canza. Aka ƙone gicciye a ƙofar gidansa, alamar gargaɗin Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙyamar baƙaƙe. Wasiƙun barazana suka yi ta zuwa, manyan gari suka juya masa baya, jami'an tsaron tarayya suka shafe fiye da shekara goma suna gadin gidansa dare da rana. Ba shi ne na farko da ya ɗanɗani wannan ba. Alƙali Waties Waring na Carolina ta Kudu, da aka matsa masa haka, yana yin ritaya a 1952 ya tattara ya koma New York. Johnson bai bar Montgomery ba har ya mutu.

Babban abokin karawarsa kuwa tsohon abokinsa ne. George Wallace ajinsu ɗaya a makarantar lauya. A 1959 Wallace yana alƙalin jiha, ya riƙe takardun rajistar zaɓe na gundumomi biyu ya hana hukumar kare haƙƙin jama'a ta tarayya ganinsu. Johnson ya umarce shi ya miƙa su ko ya fuskanci tuhumar raina kotu. Wallace, wanda ya sha kaye a takarar gwamna a 1958, yana neman abin da zai nuna wa masu zaɓe cewa shi ne namijin duniya mai tsaya wa gwamnatin tarayya a wuya. Sai ya bi ta bayan fage ya sa aka ba hukumar takardun, ya fito waje yana cika baki cewa ya bijire. Johnson ya wanke shi daga laifin raina kotu, yana mai bayyana cewa a zahiri ya bi umarnin ko da ta karkatacciyar hanya ce, wato ya hana shi zama gwarzon da aka ɗaure. Wallace bai manta ba. A yaƙin neman zaɓen 1962, wanda ya kai shi kujerar gwamna, zagin Johnson da kiran sa maƙaryaci ya zama abin da yake tayar da taro da shi.

Shari'ar da ta fi nuna irin alƙalin da yake ita ce ta Selma a 1965, kuma ya kamata a tsaya a kanta. A gundumar Dallas, inda Selma take, baƙaƙen fata sun kai rabin waɗanda suka isa zaɓe, amma kimanin kashi 2 cikin ɗari ne kawai suke da rajista. A maƙwabciyarta Lowndes, inda su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, babu ko mutum ɗaya. Ranar Lahadi 7 ga Maris mutane kimanin 600 suka tashi za su taka zuwa Montgomery su kai kuka, John Lewis da Hosea Williams a gaba. Suna gangarowa daga gadar Edmund Pettus suka tarar da 'yan sandan jiha sun tare hanya, a bayansu ga mahaya dawakin da shugaban 'yan sandan gunduma Jim Clark ya tara. Aka auka musu da kulake da bulala da hayaƙi mai sa hawaye, dawakai suka tattake mutane, aka fasa wa Lewis kai. Da daddare Amurkawa suka kalli abin a talabijin.

Washegari lauyoyin masu tattaki suka garzaya kotun Johnson suna neman ya hana gwamnatin jiha sake taɓa su. Sun ɗauka nan take zai ba su. Sai ya ce a'a, ba zai yanke hukunci ba sai ya ji ɓangarori biyu, kuma ya ba da umarni kada wanda ya yi tattaki kafin a zauna. Wannan ya sa King a tsaka mai wuya. Jama'a sun cika Selma, rai a ɓace, amma bai taɓa take umarnin kotun tarayya ba, domin kotunan nan su ne kaɗai madogarar da suke da ita a kudu. Shi ya sa ranar 9 ga Maris ya jagoranci mutane har gadar, suka durƙusa suka yi addu'a, suka juyo, matasa da yawa suna jin haushinsa.

Johnson ya kwashe kwanaki yana sauraron shaidu, ya sa aka kunna hoton bidiyon abin da ya faru a gadar a cikin kotu. Ranar 17 ga Maris ya yanke hukunci. Ya amince cewa babbar hanya ta motoci ce, kuma jiha tana da haƙƙin kula da ita. Amma ya ce faɗin damar da za a ba mutane su taru su yi tattaki ya kamata a auna shi da girman zaluncin da suke kuka a kai, kuma a nan zaluncin ba ƙarami ba ne. Ya amince da tafiyar mil 54, wato kimanin kilomita 87, cikin kwana biyar. Ya kuma gindaya sharaɗi: inda hanyar ta tsuke ta zama layi biyu, mutum 300 kawai za su taka. Ya umarci jihar ta ba su kariya. Da Wallace ya ce jiha ba ta da kuɗin yin hakan, sai Shugaba Lyndon Johnson (sunan ne kawai ya zo ɗaya, ba su da dangantaka) ya karɓe ikon dakarun ko-ta-kwana na jihar ya tura su tare da sojoji. Aka tashi ranar 21 ga wata, aka isa gaban fadar gwamnati ranar 25 da mutane kimanin 25,000. A watan Agusta aka sa hannu a dokar kare haƙƙin zaɓe.

Akwai abin dubawa a ma'aunin da ya kafa. In aka ce damar zanga-zanga tana faɗaɗa ko tana tsukewa gwargwadon yadda alƙali yake ganin girman zalunci, to an ba alƙali ikon tantance kukan wa ya cancanci a ji. A hannun Harold Cox wannan ma'auni da rufe baki zai yi. Ina ganin masu wannan fargaba suna da gaskiya a bisa ƙa'ida. Abin da ya ceci hukuncin Johnson shi ne bai gina shi a kan tausayi ko ra'ayinsa ba. Ya gina shi a kan alƙaluman rajista gunduma bayan gunduma da shaidar da aka bayar bisa rantsuwa, aka kuma ba lauyoyin jiha damar musantawa. Kwanakin nan da ya jinkirta, waɗanda suka ɓata wa masu tattaki rai, su ne suka sa hukuncin ya tsaya da ƙafarsa, kuma su ne suka ba shugaban ƙasa hujjar tura sojoji.

A daren da aka gama tattakin 'yan Klan suka bi wata mota suka harbe Viola Liuzzo, farar fata uwar 'ya'ya biyar da ta zo daga Detroit tana taimakawa wajen mayar da mutane gida. Akwai ɗan leƙen asirin hukumar FBI a cikin motar maharan, ya kuma ba da shaida, amma duk da haka kotun jiha ta kasa kama kowa: zama na farko masu taya alƙali yanke hukunci suka rabu, na biyu suka sallami wanda ake tuhuma. Gwamnatin tarayya ba ta da hurumin tuhumar kisa a irin wannan, sai ta ɗauko wata tsohuwar doka ta 1870 kan haɗa baki don tauye wa ɗan ƙasa haƙƙinsa. A kotun Johnson, a Disambar 1965, masu taya alƙalin su 12 duk fararen fata ne. Da suka dawo suka ce sun kasa daidaitawa, ya mayar da su ya ce su ci gaba da tattaunawa. Suka kama mutum uku da laifi, ya ba su shekara goma-goma, iyakar abin da dokar ta tanada.

Duk da haka kuskure ne a zana shi a matsayin ɗan gwagwarmaya sanye da rigar alƙali, kuma masu yabonsa sukan yi wannan kuskuren. A shari'ar Tuskegee, inda majalisar jiha ta sake zana iyakar garin ta mai da shi mai kusurwa 28 don a fitar da kusan duk baƙaƙen masu zaɓe, Johnson korar ƙarar ya yi da farko, saboda yana ganin hukuncin Kotun Ƙoli na baya ya ɗaure masa hannu. Sai da Kotun Ƙolin ta juya a 1960 sannan ya soke iyakar. A 1961, da aka lakaɗa wa matasan da ke hawa motocin safa don karya wariya duka a Montgomery, ya taka wa Klan da 'yan sandan birnin birki, amma ya dakatar da matasan su ma na ɗan lokaci. Mutum ne mai tsanani a kotu, ba ya son hayaniya, ba ya ɗaga wa lauyan da bai shirya ba ƙafa ko daga wane ɓangare yake. Da ya kasance mai ɗaukar ɓangare ne, da hukunce-hukuncensa ba su sha da kyau a kotunan sama kamar yadda suka yi ba.

Tsakanin waɗannan akwai wasu da yawa: sake rabon mazaɓun majalisar jiha, wanda ya kai ga ƙa'idar ƙuri'ar kowa daidai take da ta kowa a 1964, ba mata da baƙaƙe damar zama masu taya alƙali a 1966, haɗe makarantun jihar gaba ɗaya a 1967, tilasta wa rundunar 'yan sandan jiha, wadda ba ta taɓa ɗaukar baƙar fata ko ɗaya ba, ta fara ɗauka a 1972.

Amma ni a wurina ma'aunin mutumin yana cikin abin da ya yi bayan kyamarori sun tafi. Masu neman 'yancin zaɓe suna da King, suna da jaridun arewacin ƙasar, daga baya suna da shugaban ƙasa. Masu taɓin hankali da 'yan gidan yari ba su da kowa.

A 1970 aka shigar da ƙara kan asibitin masu taɓin hankali na Bryce da ke Tuscaloosa, da sunan wani yaro ɗan shekara 15, Ricky Wyatt. Asibitin yana ɗauke da mutane kimanin 5,000, likitocin ƙwaƙwalwar da ke duba su kuwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Abin da ake kashewa a abincin kowane majinyaci a rana bai kai rabin dala ba, kuma Alabama ce ta ƙarshe a cikin jihohi 50 wajen kashe kuɗi a kan irin waɗannan majinyata. Mafi yawansu ba su aikata laifin komai ba. Kotu ce ta tsare su da sunan za a yi musu magani. A Maris 1971 Johnson ya faɗi maganar da, in ka ji ta, za ka ce ai a fili take, amma kafin nan ba kotun da ta kafa ta a kan kundin tsarin mulki ga dukan majinyatan asibiti: in gwamnati ta ƙwace wa mutum 'yancinsa da hujjar magani, wajibi ne ta yi masa maganin, in ba haka ba ɗauri ne ba tare da laifi ba. Ya ba jihar wata shida ta gyara da kanta. Ba ta gyara ba. A 1972, bayan ya saurari ƙwararru, ya zayyana ƙa'idoji dalla-dalla: yawan likitoci da ma'aikatan jinya gwargwadon yawan majinyata, tsarin magani na kowane mutum shi kaɗai, iyaka a kan ɗaure majinyaci ko kulle shi, har da yawan bayan gida da wurin wanka. Jihohi da dama sun kwaikwayi waɗannan ƙa'idoji daga baya.

Na gidajen yari ya fi muni. Shaidar da aka gabatar a gabansa ta nuna ana cusa mutum har shida a ɗakin horo mai faɗin ƙafa huɗu da tsawon ƙafa takwas, ba gado, ba fitila, ba famfo, sai rami a ƙasa don bayan gida. An nuna wani fursuna mai shanyewar jiki da aka bari gyambunansa suka yi tsutsa kafin ya mutu. Abin ya kai lauyan gwamnatin jihar da kansa ya amsa a gaban kotu cewa yanayin ya saɓa wa gyara na 8, wanda ya haramta azaba ta rashin imani. A Janairun 1976 Johnson ya ba da umarnin gyara tsarin gaba ɗaya, har da faɗin wurin da kowane fursuna zai samu. Wallace ya ce alƙalin yana so ya mai da kurkuku otal. Amsar Johnson ita ce hana tsutsa cin raunin mara lafiya ba gina otal ba ne.

A nan ne suka mafi nauyi take, kuma ba daga masu wariya kaɗai take fitowa ba. Mutane suka fara kiransa gwamnan Alabama na haƙiƙa, wasu da yabo, wasu da takaici. Masu takaicin suna cewa kasafin kuɗi aikin zaɓaɓɓun 'yan majalisa ne. Duk dalar da alƙali ya tilasta a kashe a kurkuku daga wani wuri aka yanko ta, wataƙila makaranta, wataƙila hanya, kuma shi alƙalin ba zai tsaya gaban masu zaɓe ya kare wannan zaɓin ba. Sannan alƙali ba likita ba ne, ba kuma mai kula da gidan yari ba. Sun ƙara da cewa gyaran Bryce ya zo da tsadar da ta sa aka riƙa sallamar majinyata da yawa, a lokacin da ba a tanadi isassun wuraren kula da su a cikin al'umma ba, matsalar da Amurka gaba ɗaya ta faɗa a shekarun nan. Waɗannan ba maganganun banza ba ne. Ƙasar da alƙalai ke tafiyar da ma'aikatunta tana da ciwo, ko da alƙalan nagari ne.

Inda na rabu da su shi ne wajen gano wa ya jawo ciwon. Matsayin Johnson, wanda ya sha bayyanawa, shi ne kotun tarayya ba ta shiga sai inda jami'an jiha suka yi watsi da aikinsu. Tarihin shari'o'in ya goyi bayansa: kusan kullum yakan fara da bayyana cewa an take haƙƙi, ya ba hukuma lokaci ta kawo nata tsarin, sai ta ƙi ko ta kawo na wasa, sannan ya rubuta nasa. Kuma 'yan siyasar jihar sun ci ribar wannan ƙin. Sun san gidajen yari suna buƙatar kuɗi, sun san ƙarin haraji ba ya kawo ƙuri'a, sai su naɗe hannu har kotu ta tilasta, su fito su ce wa jama'a ga mai laifi can. Laifi tudu ne, ka hau naka ka hango na wani. In ana so a ce alƙali ya tsaya a huruminsa, sai a faɗi wa zai tsaya wa mutumin da ke kwance cikin ɗakin nan mai ƙafa huɗu, wanda ba ya zaɓe, kuma wanda babu ɗan takarar da zai ambace shi. Kundin tsarin mulki ya yi masa alkawari, kuma in kotu ta ce an karya alkawarin amma ta ƙi cewa a gyara, hukuncinta takarda ce kawai.

A 1977 Shugaba Jimmy Carter ya zaɓe shi ya shugabanci hukumar FBI, amma tiyatar da aka yi masa a babbar jijiyar jini ta sa ya janye. A 1979 Carter ya ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara, inda ya yi sauran shekarun aikinsa. Wallace, wanda harbin da aka yi masa a 1972 ya bar shi a keken guragu, ya ƙare rayuwarsa yana neman gafarar baƙaƙen fatan jihar, ya mutu a 1998, shekara guda kafin Johnson.

Abin da ya gina bai tsaya daidai wa daida ba. Haɗe motoci da makarantu a doka ya zauna, ba mai maganar komawa baya. Shari'ar Bryce ta ɗauki shekara 33 kafin a rufe ta a 2003, a hannun Myron Thompson, alƙali baƙar fata a wannan kotu ta Montgomery. Dokar zaɓe ta 1965 kuwa, wadda tattakin Selma ya haifa, Kotun Ƙoli ta kassara wani muhimmin sashenta a 2013, a ƙarar da gundumar Shelby ta Alabama ta shigar. A 1996 majalisar dokokin tarayya ta yi dokar da ta taƙaita ikon alƙalai na ba da irin umarnin da Johnson ya bayar kan gidajen yari, ta kuma tsaurara wa fursunoni hanyar kai ƙara. A Disambar 2020, shekara 44 bayan hukuncinsa, ma'aikatar shari'a ta tarayya ta maka jihar Alabama a kotu kan cunkoso da kashe-kashe da cin zarafi a gidajen yarinta na maza, a kan wannan gyara na 8 dai da ya yi hukunci da shi.